Darasi na 7: Saifar yaro da zazzaɓin cizon sauro

Saifa tana gefen hagu na ciki, ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinta tace jini, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Idan yaro lafiya yake, ko an lalubi cikinsa da wuya a ji ta.

Ƙwayar cutar da sauro ke zuba wa mutum jajayen ƙwayoyin jini take shiga, ta fasa su. Saifa ce ke kwashe waɗanda suka lalace. To idan zazzaɓi ya yi ta dawowa, yadda yake yi wa yaranmu a Tawa, Ƙonni da Madawa daga damina har kaka, aiki sai ya fi ƙarfinta, ta kumbura. Uwa na yi wa ɗanta wanka, sai ta ji wani abu mai tauri ya leƙo daga ƙarƙashin haƙarƙarin hagu.

A nan ake yawan kuskure. Wata kaka za ta ce a kira wanzami ya yi tsaga, wata ta ce a gasa wurin a murza. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma aska fata kawai take yanka, ba ta isa saifa, ga yaron dama jininsa ya ragu. Murzawa ta fi haɗari. Saifa mai kumburi na iya fashewa, jini ya zuba cikin ciki, ba wanda ke gani. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma in ya faru yana kisa. Don haka ban da danna ciki, ban da kokawa da 'yan'uwa.

Ku buɗe tafin hannun yaro, ku ja fatar idonsa ta ƙasa. Idan sun yi fari, ko yana numfashi sama-sama, ko jijjiga, ko ya kasa shan nono, ku kai shi likita nan take, ko da tsakar dare. Can za a ɗiga jinin yatsa a gwada. Zazzaɓi mai tsanani da allurar artesunate ake fara maganinsa, wani yaron sai an ƙara masa jini. Sikila ma tana kumbura saifa, shi ya sa gwajin ya zama dole.

Da damina ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata, na kwana 3. A ba su har kwana na uku, kuma su kwana cikin sange.

Aikin gida: ku rubuta alamomi 3 da ke sa a kai yaro likita cikin dare.