Yadda Ake Gwada Sabuwar Bindigar Gasar Harbi a Ranar Farko

A filin harbin da nake zuwa a wajen birnin Houston, da wuya Asabar ta wuce ban ga wani ya shigo da sabon akwati ba. Zai fito da bindiga tana ƙyalli, ya harba biyu, ya leƙa madubin hange, ya murɗa maɓallin saiti, ya harba ɗaya, ya sake murɗawa. Kafin azahar ya cinye kwali biyu na harsashi, takardarsa ta zama kamar rariya, ya tattara kayansa yana ƙunƙuni wai an sayar masa da gwanjo. Laifi tudu ne. Ni ma na taɓa yi wa tawa bindigar wannan ƙazafi, kuma daga baya na gane hannuna ne ya ɓata komai tun a gida, kafin in harba ko ɗaya.

Maganar da nake yi ta Amurka ce, inda harbin nesa wasa ne mai gasa da alƙalai, irin gasar PRS da aka fara a 2012. Nan ma ba haka kawai ake shiga shago a ɗauka ba: sai ka cike fom 4473, an binciki sunanka a NICS, tsarin gwamnati na tantance masu sayen bindiga. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma mai bizar karatu ko ziyara doka ta hana shi, sai ta wasu 'yan ƙofofi kamar lasisin farauta, don haka ɗan'uwa ɗalibi ka tambayi wanda ya san doka kafin ka taɓa. A gida Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, riƙe bindiga ba lasisi hanyar gidan yari ce. Dokokin kiyaye rai ba zan tsaya a kansu ba. Wanda bai san cewa kowace bindiga a ɗure ake ɗaukar ta ba, kuma yatsa ba ya zuwa kan kunama sai an tashi harbi, ya je ya nemi malami tukuna, wannan rubutun bai kai gare shi ba.

Wadda zan yi misali da ita Tikka T3x CTR ce, ƙirar Finland, mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, bututunta inci 24. Irin wadda ake ja wa sakata da hannu bayan kowane harbi: ka ɗaga, ka ja baya kwanso ya fice, ka tura gaba sabo ya shiga, ka kulle. Abin da ya fara burge ni sakatar ce, tana zamewa kamar an shafa mata man shanu. Kunamarta ana iya saita nauyinta tsakanin fam 2 zuwa 4, tana karyewa tsaf ba ja-in-ja. Ƙotar roba ce, ba ta da kyan gani, kuma kuncina bai kai tsayin madubi ba sai da na ɗaura mata matashi. Gidan harsashinta na ƙarfe yana cin 10. Duk wannan ra'ayin hannu ne, na cikin falo. Ra'ayin gaskiya sai a kan takarda.

Da ka kawo ta gida, cire sakata, ka leƙa bututun ta baya wajen haske. Sabuwar bindiga tana zuwa da man hana tsatsa a ciki, wani lokaci har da ɗan datti na masana'anta. Ka tura tsumma mai maganin wanki sau biyu ko uku, sannan busasshe har ya fito fari. Daga baya ake turawa zuwa baki, kada ka kuskura ka shiga ta baki, domin leɓen bututun shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in ya sami rauni saiti ya tafi. Sandar gogewa ta zama guda ɗaya mai rufi. Wadda ake haɗawa gunduwa-gunduwa, mai arhar nan, ka bar ta a shago. Araha ba ta ado.

Sai notuna biyu da suka haɗa jikin ƙarfen da ƙota. Duba littafin da ya zo cikin kwali, ka ɗaure su daidai awon da aka rubuta. Kowane kamfani da nasa, ƙotar katako da ta roba da ta alminiyam ba awo ɗaya suke ɗauka ba, saboda haka kada ka bi na abokinka.

Yanzu mun zo inda ake mutuwa, ɗaura madubin hange.

Kafin komai ka sayi sukundireba mai awon ɗauri, irin Wheeler FAT ko makamancinta. Mutum zai zuba dala dubu da wani abu a bindiga, ya zuba kusan haka a madubi, sannan ya tsaya yana jin ƙyashin kuɗin da bai kai na kwali biyu na harsashi ba. Ni ne wannan mutumin. Na taso ina kallon bakanike yana hawa kan sifana da ƙafa don ya ɗaure taya, a raina ɗauri mai kyau shi ne wanda noti ya yi ƙara. Na ɗauki doguwar makulli mai kusurwa shida na matse zobban madubin iya ƙarfina, kuma na jingina zoben gaba daf da tudun tsakiya inda maɓallan murɗawa suke. Washegari a fili sai abin mamaki: in murɗa sama sau takwas, harsashi ya faɗa inda ya faɗa ɗazu. In ƙara huɗu, sai ya yi tsalle ya wuce da inci uku. Maɓallin gefe da ake gyara hoto da shi ya yi tauri, sai da yatsa uku nake juya shi. Harsashi 60 na ƙone a ranar, kowane ɗaya kusan dala 2, ina zagin bindigar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wani dattijo da ke teburin kusa da ni ya daɗe yana kallona, can ya miƙo mini sukundirebarsa bai ce uffan ba, ya nuna zobban da haɓa. Da na kwance su, sai ga shatin zobe a jikin madubin, fenti ya kwaile zagaye biyu. Har yau shatin na nan.

Abin da ya faru shi ne, jikin madubi bututun alminiyam ne siriri, kuma a cikinsa akwai wani ƙaramin bututun da ke motsi duk lokacin da ka murɗa. In ka matse na waje ya lotsa, na ciki sai ya maƙale, ya ƙi tafiya, can kuma shurin bindiga ya fizge shi gaba ɗaya. Yawancin zobba awon murfinsu tsakanin 15 zuwa 18 ne na inci-fam, kuma wannan ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, da yatsa biyu za ka kai shi. Ka lura da kyau, inci-fam aka ce. Sifanar mota da ƙafa-fam take awo, ɗaya nata sha biyu ne na wancan. Na ga wanda ya rikita su ya tsinke noti a cikin zobe. Notunan ƙasa da ke kama dogon ƙarfen da zobba ke zama a kai sun fi son ɗauri mai ƙarfi, su ma akwai awonsu a takardar zobban.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina goge mai daga notuna da cikin zobba da sifirit, don mai a jikin zare yana sa noti ya matse fiye da abin da awo ya nuna. Ina ɗora rabin zobban na ƙasa, in tura kowanne gaba, wajen baki, har ya tokare a raminsa kafin in ɗaure, domin can shuri zai kai shi ko ba ka so. Ina aza madubi, in bar tazara ko da faɗin yatsa ne tsakanin zobe da tudun tsakiya, in sa murafe sako-sako yadda madubin zai iya zamewa. Sai in murɗa girman hoto zuwa ƙarshe, in kwanta a ƙasa yadda zan yi harbi, in rufe ido, in ɗora kunci a ƙota, in buɗe. Madubin ne zai zo wurin idona, ba wuyana zai miƙa ya bi shi ba. Ana ja gaba da baya har hoton ya cika da'ira ba baƙin inuwa a gefe, wanda yawanci yakan faɗa wajen inci uku da rabi daga ido. Masu yin wannan a tsaye a falo su ne ake gani da jini a gira ranar farko. Creedmoor ba ta da shuri sosai, amma gefen madubi ƙarfe ne.

Daga nan daidaita giciyen da ke cikin madubin. Na gwada ƙananan ma'aunan lebur masu kumfa da ake ɗorawa a kan maɓalli, ban yarda da su ba, saman maɓallin ba lallai ya yi daidai da giciye ba. Ni zare nake rataya da dutse a ƙarshensa, irin na magina, a can ƙarshen tsakar gida. In daidaita bindigar da lebur a kan ƙarfen sama, in juya madubi har layin tsaye ya kwanta a kan zaren. A yadi 100 karkata kaɗan ba za ta nuna ba. A yadi 600, in ka murɗa sama, harsashi zai riƙa zamewa gefe kana ɗora wa iska laifi. Wajen ɗaurewa kuma kaɗan-kaɗan, noti ɗaya nan, sai na kishiyarsa, kana duban tazarar murfi ta yi daidai hagu da dama. Kana matsewa madubi yana son juyawa, ka riƙa komawa kan zaren. Sau uku na kwance na sake a karon da na yi shi daidai. Awa ɗaya ya ci, ba harsashi ko ɗaya.

A fili, je da sassafe. Zafin Texas da hantsi yana tayar da kawalwalniya, takarda ta riƙa rawa a madubi. Toshe kunne biyu-biyu, na soso a ciki, na kai a waje, don maƙwabcinka na iya zuwa da mai rage shuri a baki, ƙararta kamar a cikin ƙwaƙwalwarka.

Kada ka fara harbi a makance. Aza bindiga kan jakar yashi gaba da baya, cire sakata, leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda a tsakiyar ramin. Ba tare da ka motsa ta ba, ɗaga kai ka murɗa madubi har giciye ya hau wuri ɗaya. A nan maɓallan za su yi kamar sun juya baya, ka murɗa inda aka rubuta sama giciye ya yi ƙasa, kada ka damu, idonka za ka bi. Wannan kaɗai yakan sa harbin farko ya hau babbar takarda a yadi 100, wato mita 91 da ɗoriya. Masu farawa a yadi 25 ba su yi laifi ba, sai dai su tuna can sai an ninka murɗi sau huɗu.

To, harba uku a wuri ɗaya, hannunka kada ya taɓa maɓalli a tsakani. Wannan ita ce dokar da sababbi ba sa iya riƙewa. Harsashi ɗaya ba ya ba da labari, tsakiyar tarin ake bi. Auna daga tsakiyar ukun zuwa inda ka nufa. Maɓallan madubi da ɗayan awo biyu suke aiki, MOA ko mil. In madubinka na MOA ne, MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, kuma yawanci kowane ƙas ɗaya na murɗi rubu'insa ne, don haka in ka yi ƙasa da inci biyu, takwas za ka murɗa sama. In na mil ne, ƙas ɗaya santimita ɗaya ne a mita 100. Ni mil nake so, lissafin goma-goma ya fi shiga kaina, kuma duk wanda ya tambaye ni shi nake ce masa ya saya. Kafin kowane tari, girgiza kai kaɗan a bayan madubi. In giciye yana yawo a kan takarda, gyara maɓallin gefe har ya tsaya cak.

Kamfanin da ya ƙera bindigar ya yi alƙawarin tarin da bai wuce MOA ɗaya ba a harbi uku da harsashi mai kyau, amma ni ba na yanke wa bindiga hukunci da uku. Uku sa'a na iya haɗa su. Biyar-biyar, aƙalla sau huɗu, kuma kada ka jefar da wanda ya bauɗe ka ce ai kuskure ne, a gasa ana ƙirga shi. Ka zo da harsashi iri biyu ko uku, ko da kwali ɗai-ɗai ne. Tawa ta fi jituwa da Hornady ELD Match mai nauyin giren 140, ta wani mai irinta sak ta fi son wani daban. Tsakanin tari da tari buɗe sakata, in ba za ka iya riƙe bututu da tafin hannu ba ka sha ruwa ka jira.

Zancen horar da sabon bututu, wai harbi ɗaya wanki ɗaya har sau goma, ana ta musu a kai. Ni ba na yi. Bututun Creedmoor 'yan gasa sukan canza shi bayan harbi dubu biyu zuwa uku, ban ga dalilin ƙona rabon a wanki ba. In saiti ya zauna, kwance murfin maɓallan ka mayar da su kan sifili, ka rubuta kwanan wata da irin harsashi da lambar kwalin da yanayin zafi a ɗan littafi. Cire takardar ka ninke ta a ciki. Kafin ka sa bindiga a akwati, sake bin notunan zobba da sukundirebar awo sau ɗaya, don bayan harbi arba'in na farko wasu sukan ɗan saki.