Yadda za ka bi sawun sunan Roger har gidansu

A fadarmu ta shayi nan Tahoua ana hirar ɗan ƙwallon Kamaru Roger Milla da rawar da ya taka a gasar cin kofin duniya ta 1990, sai wani tsohon ɗalibina ya ajiye kofi ya ce, "Mushe, wai shi wannan suna me yake nufi?" Ga hanyar da na bi da shi.

Fara da kau da kunne daga yadda ake kiransa yau. Mu ƴan lakwal "Roje" muke cewa, bakin Faransawa ke nan, ya haɗiye rabin sunan. Tsohon rubutunsa za ka nema: Hrodger, daga harsunan Jamusawan da.

Sai ka raba shi biyu, kamar yadda kake raba Abdulƙadir. Hrod shahara ce, ger kuma mashi. Mashin da ya yi suna ke nan, kirarin mayaƙi ne aka raɗa wa jariri. Kafin ka amince, nemo danginsa su yi shaida: Robert yana ɗauke da hrod ɗin nan, Gérard kuma da ger.

Abin da ya fi daɗin bi shi ne waɗanda suka yi yawo da shi. Normawa jikokin mayaƙan teku ne daga arewacin Turai. A 911 sarkin Faransa ya ba shugabansu Rollo ƙasar da ta zama Normandi, suka zauna, suka ɗauki yaren wurin da sunayensa. A 1066 suka ci Ingila, sunan Roger ya haye da su.

Wasunsu kudu suka nufa. Roger na Ɗaya ya karɓi tsibirin Sisili daga hannun Musulmi, ya gama a 1091. Ɗansa Roger na Biyu ya zama sarki a 1130, kuma a fadarsa ta Palermo malam al-Idirisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154. Nan ne na fi so ka tsaya, don a ciki an ambaci Kawar, tamu ta wajen Bilma.

In za ka neme shi a littattafan Larabci, kada ka rubuta Roje. Rujar suke rubutawa, littafin ma Kitabu Rujar ake ce masa. Haka na rubuta wa yaron a bayan kwalin shayi, ya sa a aljihu.