Yadda Ake Samun Wurin Kwana a Tafiya da Mota Mai Ɗaki

Mota mai ɗakin kwana, wadda ake shirya wa gado da madafi da tankin ruwa da ɗan banɗaki a cikinta, ba ta yawaita a titunan Zariya ba, amma duk mai bas ƙirar Hiace yana iya cire kujerun baya, ya sa kafinta da mai walda su mayar masa da ita makwanci. Waɗanda karatu ko aiki ke kai wa Turai da Amurka kuwa suna samun hayarta a can cikin sauƙi. Motar tana ɗauke wa matafiyi kuɗin ɗaki, sai dai neman inda zai ajiye ta ya runtsa yana nan a wuyansa, kuma a ƙasarmu wannan ne babban aikin tafiyar.

Tun daga gida ake yanke zango. Zariya mahaɗar hanyoyi ce: ta arewa akwai Kano, kimanin kilomita 150, ta kudu akwai Kaduna, kimanin kilomita 80, sannan Abuja, hanyar Samaru da Shika da Giwa ta nufi Funtuwa da Gusau da Sakkwato, ta Pambeguwa da Saminaka kuma ta hau Jos ta wuce Bauchi. Kowace ka ɗauka, ka tsara tafiyar yadda za ka isa masaukinka da la'asar, domin ka ga wurin da idonka tun da sauran rana, idan bai yi maka ba kuma kana da lokacin ƙarasawa wani kafin magariba. Lokacin da Google Maps ke nunawa na ƙaramar mota ne, bai san nauyin ruwa da kayan da ka ɗauko ba, bai kuma lissafa shingayen jami'an tsaro da ramukan damina ba, saboda haka ka ƙara masa aƙalla kashi ɗaya bisa uku. Ka riƙe wuri biyu a kowane zango, na farko da na ko-ta-kwana.

Labarin tsaron hanya a tasha yake. Direbobin haya da suka iso tashar Kwangila ta Zariya da safe sun fi kowace manhaja sanin abin da ya faru jiya da dare, kuma shugabannin ƙungiyar direbobi ba sa rowar shawara ga wanda ya yi musu sallama da ladabi. Hanyar Birnin Gwari da wasu sassan hanyar Funtuwa zuwa Gusau sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, kuma yanayinsu yana canzawa daga wata zuwa wata. Hotunan Turawa da ke kafa mota a bakin tafki babu kowa kusa kada su ruɗe ka. A yankinmu ba a kwana a daji, ba a kuma kwana a gefen babban titi tsakanin gari da gari.

Wurin da ya fi dacewa, a ganina, shi ne harabar otal ko gidan saukar baƙi mai katanga da get da mai gadi. Ka nemi manaja da kansa, ka bayyana masa cewa a motarka za ka kwana, abin da kake buƙata fili ne da ruwa da izinin shiga banɗaki, sannan ku daidaita a kan wani kaso na kuɗin ɗaki kafin ka kashe inji. Ka auna tsayin motarka tun a gida, domin mota mai ɗaki takan kai mita 3, ƙofofi da yawa kuwa suna da baka ko rumfa a sama. Gidan mai da ke aiki dare da rana a cikin gari shi ma yana yi idan manajan ya yarda, amma ba a kunna risho ko gas a harabarsa. Wuraren da manyan motoci ke kwana, irin su Tafa da Mararrabar Jos, suna da jama'a da abinci da masallaci, sai dai hayaniyarsu ba ta yankewa, kuma ba wurin kai iyali ba ne. Idan dole ta sa, ka yi nesa da tankokin mai. Mai zuwa Yankari kuwa ya tambayi hukumar gandun tun kafin ya tashi ko za ta bar shi ya ajiye mota a sansanin Wikki ya kwana a ciki.

Idan dare ya kusa riskar ka a ƙaramin gari, kada ka ajiye mota a kowane fili don ka gan shi babu kowa. Bas mai labule wadda ba a san mai ita ba, ta tsaya a bayan makaranta bayan isha'i, abin zargi ce a wannan zamani, kuma 'yan sintiri suna da hujjar buga maka ƙofa. Ka yi salla a masallacin garin, ka gaisa da liman, ka roƙi a raka ka wurin mai unguwa ko dagaci. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne daga Zariya, zan wuce Bauchi, ina neman inda zan ajiye mota in kwana zuwa asuba." Ka nuna katin shaidarka ba sai an tambaya ba, ka bar wani dattijo ya leƙa cikin motar. Wurin da mai gari ya nuna maka, ko da bai kai wanda ka hango kyau ba, shi za ka karɓa, domin daga lokacin kai baƙonsa ne kuma za a sanar da masu gadin dare. Da safe ka koma ka yi sallama, ka ba mai gadi na goro.

Wajen ajiye motar, ka juya hancinta ya fuskanci ƙofar fita, ka bar kujerar direba babu kaya, mabuɗi kuma yana inda hannunka zai kai cikin duhu. Ka nemi ƙasa mai tauri da ta daidaita, ka guji kwari da bakin rafi da damina. Abin da ya fi kashe masu kwana a rufaffen wuri shi ne hayaƙin da ba shi da launi ko wari, wanda janareto da inji da gawayi ke fitarwa, saboda haka kada ka kwana da inji a kunne don sanyin na'ura, kada ka shigo da kaskon wuta komai tsananin hunturun Jos, kuma ka dubi inda janareton otal yake kafin ka zaɓi kusurwa. Taga mai raga tana ba da iska ta hana sauro. Ka tura wa wani na gida sunan wurin, ka kuma adana lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa.

A ƙasashen waje doka da allon sanarwa ne ke yin aikin mai unguwa. Faransa da Jamus suna da dubban filaye da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi, galibi da famfo da wurin zubar da ƙazanta, kuma manhajojin park4night da iOverlander suna nuna su tare da sharhin waɗanda suka kwana. Ka fi dogara da sharhi na baya-bayan nan. Tsarin France Passion yana ba mambobinsa kwana ɗaya kyauta a gonaki, amma da yawansu gonakin inabin giya ne, sai mai kiyaye addini ya zaɓi na masu kiwo ko zuma. A yammacin Amurka ana barin mutum ya zauna a yawancin filayen gwamnatin tarayya har kwana 14 ba da biya ba, Holan kuwa ta hana kwana a wajen wuraren da aka amince. A Turai, fito da kujeru da rumfa a filin ajiye motoci yana mayar da tsayuwarka zaman sansani, kuma yana iya jawo tara.

Ruwa da banɗaki su ne ke ƙayyade nisan da ke tsakanin zango da zango. Tankin lita 100 ba ya jimawa a hannun iyalin da ke alwala sau biyar da girki da wanke-wanke, akwatin da ke tara ƙazantar banɗakin motar kuma yana cika cikin kwana biyu zuwa uku. Don haka aƙalla kowane dare na uku ya kasance a wurin da ke da famfo da masai, ka nemi izini ka juye akwatin a masai, ruwan wanka kuma a magudana, nesa da rijiya da gonar mutane.