Darasi na Bakwai: La'ada, Tukuici da Toshiyar Baki

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san yaran nan da ke tsayawa a bakin layi, da sun hango baƙo sai su tare shi, "Alhaji me ake nema, shadda ko atamfa?" su ja shi har shagon da ke da kayan, in ciniki ya faɗa mai shago ya damƙa musu ɗan abin da aka saba. Haka ake yi a Farm Centre wajen masu waya, haka a Dawanau wajen hatsi, haka dillaliya ke yi gida-gida da ƙunshin kayanta a ka. Wannan kuɗin shi ne la'ada, wasu su ce kamasho.

Toh shin ya halatta? E. Dokar Najeriya ba ta hana ka biyan wanda ya kawo maka ciniki ba, yarjejeniya ce tsakaninku kamar kowace. A addini ma malamai sun halatta ladan dillanci, Imam Bukhari ya kawo maganar Ibn Abbas cewa babu laifi mutum ya ce sayar min da wannan tufa kaza, abin da ya hau naka ne. Amma fa a yanke magana tun kafin ciniki, nawa ne, wa zai biya, yaushe, domin yawancin rigimar da ake kaiwa gaban shugabannin kasuwa daga "ai ka san yadda za mu yi" take farawa, kowa da lissafin da ke ransa. Ka rubuta a littafin shago da kwanan wata, ko ku yi a gaban shaida, ko da saƙon murya ne a WhatsApp ya fi babu. In dillali zai karɓa a hannun mai saye da mai sayarwa duka, to kowannensu ya sani.

Tukuici shi ba shi da wata doguwar magana. Mai ɗinki ta ce duk wadda ta kawo mata sabuwar kwastoma za ta rage mata naira 500, kuɗinta ne, ta faɗa a fili, shi ke nan.

Inda abin ke ɓaci shi ne wanda aka aiko. Maigida ya ba yaronsa kuɗi ya sayo siminti a Kofar Ruwa, ko wata makaranta ta turo ma'aikacinta sayen yadin yunifom, sai ya matso kusa da kai ya rage murya, "Yallaɓai a ɗan ɗora wani abu a rasit, a ware min nawa." Wannan ba dillali ba ne, ɗan aike ne, yana da albashinsa, kuma abin da zai ci daga aljihun wanda ya aiko shi zai fito ba tare da saninsa ba. Ko an kira shi goro ko kuɗin mai, toshiyar baki ce, kai da ka rubuta rasit ɗin ƙarya ma kana ciki. In ma'aikacin gwamnati ne abin ya fi muni, dokar da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya, a shekarar 2000 ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa, ga kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano. Manzon Allah (SAW) ya taɓa aiken wani mutum karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Don haka kafin ka miƙa, ka tambayi ɗan aiken, in maigidanka ya ji zai yarda? In ya fara kame-kame ka mayar da kuɗinka aljihu.

Sai kuma harkar "zuba dubu goma, kawo mutum biyu a ba ka kamasho", babu kaya babu shago, kuɗin na baya ake ba na gaba. Irin wannan harkar ce MMM da CBEX suka yi a Najeriya, MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, CBEX ta bi sahu a 2025, kuma abin takaicin wanda ke jawo ka ɗin yawanci ɗan uwa ne ko maƙwabci. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan, har da ɗaurin shekaru.

Aikin gida: dillaliya ta sayar miki da atamfa guda huɗu, kowace naira 20,000, kun yi da ita a kan kashi 5 cikin 100. Nawa ne la'adarta, nawa ya rage a hannunki? Ki rubuta yarjejeniyar a layi uku, da kwanan wata da sunan shaida, ki zo da ita aji ranar Asabar.