Masara dubu da igiya ɗaya: yadda ake koya wa yara yawan mutanen duniya

Yaron da ya taso a unguwar Nima ko Maamobi a Accra ba baƙon cunkoso ba ne. Ya san layin famfo da asuba, ya san matsin trotro, wato motar haya. Abin da bai sani ba shi ne girman biliyan. Malam zai rubuta a allo cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8 ranar 15 ga Nuwamba 2022, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar, yaro ya haddace, gobe a tambaye shi ya ce miliyan 8, kuma a ransa duk ɗaya ne. Shi ya sa ƙa'idar wannan darasi guda ce: duk lambar da za a faɗa, a sa wa yaro ita a hannu, kuma kafin a taɓa komai a tambaya, ƙwaya ɗaya mutum nawa ce?

Darasin na 'yan shekara 8 zuwa 14 ne, a makarantar boko, ko ta Islamiyya, ko tsakar gida. Zama huɗu ya isa, kowanne minti arba'in. Kayan aiki: masara gwangwanin madara uku ko huɗu, marafan kwalba ɗari, igiya mita uku, tef ɗin tela, tsummoki, alli, ƙwallo da tocila. Idan akwai ƙannai 'yan ƙasa da shekara biyar a wurin, a ɗauke masarar, domin hanci da kunne suke kai ta.

Zama na farko: daga gida ake farawa

Kwana ɗaya kafin zaman, a ba kowane yaro aikin ƙirga mutanen gidansu. A nan ake fara tuntuɓe, domin gidan haya na zango yana iya ɗaukar iyalai goma, ga baƙon da ya zo daga Tamale, ga yayan da ke kwana a shago. A bi hanyar da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta bi a ƙidayar 2021: an tsayar da dare ɗaya, daren 27 ga Yuni, aka ƙirga kowa a inda ya kwana. Baƙon da ya kwana yana ciki, ɗan gidan da ya yi tafiya ba ya ciki. Iyali kuwa su ne masu ci daga tukunya ɗaya, ba duk masu shiga ƙofa ɗaya ba.

A koya wa yaro yadda zai tambaya. Mutanenmu da yawa ba sa son a ce musu 'ya'yanku nawa, wasu don kunya, wasu don tsoron baki. Sai ya yi sallama ya ce, "Hajiya, Malam ne ya ba mu aikin lissafi, mutum nawa suka kwana a ɗakin nan jiya?" Ba a rubuta suna. Kada kuma a sa yara tambayar ƙasar asali ko takardu. A zango wannan tambaya tana da tarihi mai ɗaci, dattawa ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin gwamnatin Busia ba. Idan ana son ganin bambancin jama'a, a tambayi harsunan da ake ji a gidan. Hausa, Dagbani, Zabarmanci, Kotokoli, Twi, Ga, Fulatanci, gida ɗaya yana iya tara biyar.

A aji a haɗa lambobin a allo, a raba da yawan iyalai, a kwatanta da matsakaicin ƙasa da ƙidayar ta fitar, wato mutum 3.6 a iyali. Wani zai ce ai babu rabin mutum. Madalla, nan ne wurin koyar da ma'anar matsakaici.

Sai a rufe da wasan daƙiƙa. Yaro ɗaya ya ƙirga abokansa, mutum ɗaya kowace daƙiƙa. Aji mai yara arba'in bai kai minti ɗaya ba. Mutum miliyan ɗaya zai ci kwana goma sha ɗaya da rabi, ba barci ba cin abinci. Mutanen Ghana miliyan 30.8 za su ci kusan shekara guda cur. Biliyan ɗaya shekara 31 da 'yan watanni, biliyan 8 kuwa sama da shekara 250. A bar yara su yi hasashe kafin a faɗa musu, kuskurensu shi ke sa amsar ta zauna.

Zama na biyu: rabon duniya

Wannan shi ne zuciyar darasin, kada a yi masa gaggawa. A zana nahiyoyi da alli a ƙasa, manya yadda yaro zai iya tsayawa a ciki. Marfi ɗari su ne mutanen duniya, kowane marfi mutum miliyan 80. A rubuta wannan a allo, a sa su maimaita. Sai yara su raba marafan yadda suke zato. Kusan kullum sukan cika Turai da Amurka, domin su suke gani a talabijin da waya.

Bayan sun gama sai a gyara: Asiya 59, Afirka 18, Turai 9, Latin Amurka da tsibiran Karibiyan 8, Amurka da Kanada 5, Ostireliya da tsibiranta 1, shi ma ɗayan alfarma ne, rabin marfi ya kamace su. Daga cikin na Asiya a ware 18 na Indiya, 18 na Sin. Yara su gani da idonsu cewa Indiya ita kaɗai ta yi kai ɗaya da Afirka baki ɗaya, kuma tun 2023 ta sha gaban Sin.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ina Ghana. A wannan ma'auni Ghana ba ta kai rabin marfi ba, don haka ake komawa masara. A raba yara rukuni biyar, kowane rukuni ya ƙirga ɗari biyu, goma-goma. Yanzu ƙwaya ɗaya mutum miliyan 8 ce. A goge lambar farko daga allo kafin a rubuta sabuwa. Babban abin da ke ɓata wannan zama shi ne barin ma'auni biyu a gaban yara lokaci guda, sai su ɗauka Ghana ta kusa kai Kanada da Amurka a yawa don sun ji 4 da 5.

Cikin dubun nan, Ghana ƙwaya 4 ce, Togo 1, Burkina Faso 3, Nijar 3, Najeriya wajen 28. Saudiyya ma 4 ce, abin da kan ba yara mamaki. Indunusiya, wadda musulminta sun fi na duk wata ƙasar Larabawa yawa, ta haura 30. Alhazan da suka tsaya Arfa a 2023 sun kai miliyan 1.8, taron da yara ke gani a talabijin kamar duniya ce ta taru, amma bai cika kwatan ƙwaya ɗaya ba.

Hattara da taswirar bango. Da yawa daga cikinsu a kan zanen Gerardus Mercator na 1569 aka yi su, wanda ke kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. A kansa tsibirin Girinlan yana kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Yaro kuma yana haɗa faɗin ƙasa da yawan mutane. A gyara wannan da misalin gida. A zana murabba'i uku masu girma ɗaya, kowanne murabba'in kilomita ɗaya, ƙwaya ɗaya mutum 20. Na yankin Greater Accra a zuba 84, na Ghana baki ɗaya 6, na yankin Savannah, inda Damongo da Salaga suke, ƙwaya 1 tak. Daga nan hira za ta buɗe da kanta a kan abin da ke kawo 'yan mata masu dako daga arewa zuwa kasuwannin Accra, da abin da ya kawo kakanni daga Kano da Katsina ta hanyar fataucin goro.

Zama na uku: igiya da kwano

A miƙe igiya, santimita ɗaya shekara ɗaya, farkonta shekarar 1800. A ɗaura tsumma duk inda aka cika biliyan: wajen 1804 a santimita 4, sai 1927 a 127, 1960 a 160, 1974 a 174, 1987 a 187, 1999 a 199, 2011 a 211, 2022 a 222. Tsakanin tsumma na farko da na biyu yaro zai yi taku biyu, sauran kuwa duk a cunkushe suke cikin tsawon hannu. A ƙara na tara a 237, domin hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 2037 ne. Tazarar ta fara buɗewa, daga shekara 11 zuwa 15. Biliyan na biyar an yi bikinsa ranar 11 ga Yuli 1987, daga nan aka samo Ranar Yawan Jama'a ta Duniya.

Idan aka tambayi dalili, yara za su ce haihuwa ce ta ƙaru. Manya ma haka suke cewa, kuma ba haka ba ne. A 1950 mace ɗaya a duniya tana haihuwar 'ya'ya biyar a matsakaici, yanzu bai kai biyu da rabi ba. Mutuwa ce ta ragu, musamman ta yara: rigakafi, ruwa mai tsabta, maganin zazzaɓi, ga agana da aka kawar da ita daga duniya a 1980. A Ghana, cikin yara dubu, 155 ba sa kai shekara biyar a 1988, zuwa 2022 sun koma 40, haihuwa kuma ta sauka daga 'ya'ya 6.4 zuwa 3.9 ga kowace mace.

Kwano shi ke nuna wannan. A zuba masara 50. Duk tafi ɗaya, yaro ɗaya ya zuba huɗu, wani ya kwashe huɗu. Bayan tafi goma kwano yana nan a 50, haka duniya take a zamanin da can. A sake, mai zubawa huɗu, mai kwasa biyu: kwano ya kai 70 ba tare da an ƙara zubi ba, kuma kusan haka duniya take yau, jarirai huɗu kowace daƙiƙa, rasuwa biyu. Zagaye na uku, biyu da biyu, kwano ya tsaya amma a cike. Kafin wasan malam ya duba ko akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, kada a ba shi kwasa. Kada kuma zancen ya koma kan gidan wane mai 'ya'ya goma. Aikin malam lissafi ne, ranar da yaro ya koma gida da maganar cewa iyayensa ne matsalar duniya, darasin ya mutu a unguwar.

Zama na huɗu

Wannan gajere ne. Marfi ashirin su ne mutanen ƙasa, a ware 'yan ƙasa da shekara 15: Nijar 10, Ghana 7, Japan 2. A tambaya, wace ƙasa ce ke buƙatar ƙarin azuzuwa, wace ce ke neman masu kula da tsofaffi?

Sai a rufe taga, a haska ƙwallo da tocila, a manna takarda a Accra, Kano da Makka, a juya ta daga yamma zuwa gabas. Makka za ta shiga duhu kafin Kano, Kano kafin Accra. Awa uku ne tsakaninmu da Makka, awa ɗaya da Kano, shi ya sa ake kallon buɗa-baki a Harami alhali nan la'asar ce. Layin da duniya ke auna lokaci daga gare shi ta Tema ya ratsa, tafiyar trotro ɗaya daga Accra. Idan aka juya ƙwallon a baibai Accra ce za ta riga yin duhu, don haka a zana kibiya a jikinta tun kafin yara su shigo.