Yadda Ake Zaɓen Zarton Batir Mai Faifai Domin Aikin Katako a Gida

Magidancin da ya taɓa neman kafinta a Katsina domin a rage masa tsawon ƙofa, ko a kafa masa kanta a ɗakin girki, ya san cewa ƙaramin aiki shi ne ya fi wuyar samun mai yi, domin kafintan da ke da kwangilar rufin gida a gabansa ba zai bar ta ya zo yankan falanki biyu ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka fara sayen kayan aikinsu, kuma zarto mai faifai wanda ke aiki da batir yana cikin abubuwan da suka fi dacewa da halin da muke ciki, tunda wutar lantarki ba ta zama, kuma ba kowa ne zai tayar da janareta saboda yanka huɗu ko biyar ba. Sai dai kafin ka shiga kasuwa, ka riƙe abu guda: batir da caja kake saye, zarton ƙari ne a kansu. Akasarin waɗanda suka yi da-na-sani a wannan ciniki, a wajen batir suka faɗi.

Dalili kuwa shi ne, kusan kowane kamfani yana ƙera batirinsa da irin bakin da ba ya shiga na'urar wani. Batirin Makita ba ya hawa zarton DeWalt, na Bosch ba ya hawa na Ingco. Idan kana da injin huda bango mai batir a gida, to duba sunan kamfaninsa da ƙarfin batirinsa, ka nemi zarto na wannan gidan, domin a lokacin za ka iya sayen gangar jikin zarton kaɗai ba tare da batir ba, ka rage kuɗi mai yawa. Idan kuwa wannan ne sayenka na farko, to ka san cewa ka zaɓi gidan da za ka daɗe a cikinsa, saboda haka ka tambayi masu shago a Babbar Kasuwar Katsina wane batir ne ake samu a kowane lokaci, ba wanda sai an aika Kano ko Legas ba. Makita na Japan, Bosch na Jamus da DeWalt na Amurka sun yi suna wajen ƙarko, amma kuɗinsu da nauyi. Ingco da Total, waɗanda ake ƙerawa a Sin, sun fi sauƙi kuma sun cika kasuwanninmu, kuma ga mai aikin ƙarshen mako ina ganin sun wadatar.

Lambobi biyu ne a jikin batir, kuma ya kamata ka fahimci kowace. Ta farko ita ce volt. Za ka ga wasu an rubuta 18V, wasu 20V, kuma mai shago zai iya ce maka na biyun ya fi ƙarfi, alhali abu ɗaya ne: ƙwayoyin batir biyar ne a jere, kowace tana ba da volt 3.6 a lokacin aiki, tana kaiwa 4 idan an cika ta, shi ya sa wani kamfani ke rubuta 18, wani 20. Wanda ya kamata ka guje masa shi ne zarton da aka manna wa 88V ko 128V a kan ɗan batirin da bai fi tafin hannu ba, domin wannan rubutun talla ne kawai, ƙwayoyi biyar ɗin nan ne a ciki, sau da yawa ma marasa inganci. Lamba ta biyu ita ce Ah, wadda ke nuna yawan wutar da batirin ke ɗauka. Zarto yana cin wuta fiye da injin huda nesa ba kusa ba, don haka batir mai 2.0Ah zai gaji da wuri, kuma zai riƙa shaƙewa a cikin katako mai kauri. Ka nemi 4.0Ah ko 5.0Ah. Irin wannan batir galibi yana da ƙwayoyi goma, wato jeri biyu na biyar-biyar, nauyinsa ya haura rabin kilo, don haka ka ɗaga shi a hannu ka ji. Idan an rubuta masa 5.0Ah ko fiye amma ka ji shi sakayau, to jabu ne, ka ajiye masu kayansu.

Akwai wani tarko da ke cikin kayan gwanjo, kuma na ga ya ci mutane. Na'urorin da aka yi domin kasuwar Amurka suna zuwa da caja mai karɓar volt 120, mu kuwa wutarmu 230 ce. Zarton zai yi aiki lafiya muddin akwai caji a batirin, amma ranar da aka jona cajar a bango, a nan take za ta ƙone. Ka juya cajar ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta. Idan ba ka ga 220 zuwa 240 ba, to ko dai ka nemi wata cajar, ko ka haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta. Batirin gwanjo kuma ba a gane shekarunsa da ido, domin yana iya nuna ya cika, ya mutu bayan minti kaɗan na yanka. Ni dai shawarata ita ce, gangar jikin zarto ta gwanjo ba laifi idan an gwada ta, amma batir a saye shi sabo.

Sai girman faifai. Waɗanda aka fi samu su ne mai faɗin milimita 165, wato inci shida da rabi, da mai 185, wato inci bakwai da kwata. Na farko yana nutsewa kimanin milimita 55 a cikin katako, wanda ya isa ya raba tubaifo, mai kaurin inci biyu, a wucewa ɗaya, haka nan tubaitu, falanki da fulawud mai kaurin milimita 12 ko 18. Na biyu yana kaiwa kimanin milimita 65, amma ya fi nauyi, ya fi cin batir, ya fi tsada. Mai haɗa benci, akurkin kaji, kantar littattafai ko rumfar ƙofar gida ba ya bukatar abin da ya wuce 165. Ka kuma lura da ramin tsakiyar faifan, domin wasu zarta suna karɓar milimita 20, wasu 16, kuma babu daɗi ka sayi zarto sannan ka gano faifansa ba ya samuwa a garinku.

Haƙoran faifai su ne ke yanke hukunci a kan kyawun yanka. Mai haƙora 24, wanda galibi shi ke zuwa a cikin kwali, yana da sauri kuma ya dace da katakon rufi, amma zai tsattsage fuskar fulawud. Domin kayan ɗaki, ka ƙara sayen mai haƙora 40 zuwa 60. Faifai siriri yana rage wahalar inji, batir kuma ya ƙara daɗewa. Katako mai tauri irin madaci yana dakusar da haƙora da sauri fiye da farin katako, kuma da zarar ka ji warin ƙuna ko ka ga baƙi a bakin yanka, to faifan ne ya dakushe, kada ka ɗora wa zarton laifi.

Injin zarto iri biyu ne: mai kabon da marar kabon, kabon kuwa 'yan guntayen gawayi ne da ke kai wuta ga sashen injin mai juyawa, waɗanda ke cinyewa a hankali. Marar kabon bai cika zafi ba, yana tattalin batir, kuma babu abin da za a riƙa canzawa a cikinsa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga kuma ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, ina ganin ƙarin kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma idan aljihu bai kai ba, gara ka ɗauki mai kabon ka haɗa da babban batir na asali, a kan ka ɗauki marar kabon da ƙaramin batir.

Idan ka isa shago, kada ka yarda a miƙo maka kwali a rufe. Ka ce, "Alhaji, a sa masa batir mu ji kukansa," domin mai kaya na gari ba ya ƙin gwaji. Kafin a sa batirin, ka ja marufin faifan sama ka sake shi, ka tabbatar ya koma da kansa nan take, domin wannan marufi shi ne tsakaninka da asibiti. Ka duba farantin ƙasa, wanda ke zama a kan katako, ka ga ko ya lanƙwashe. Na alminiyam ya fi na siririn ƙarfe riƙe saitinsa. Ka kwance maɗaurin zurfi da na karkata, wanda ya kamata ya kai digiri 45, ka sake ɗaure su, ka girgiza ka ji ko suna motsi. Sannan a kunna, ka saki kunamar, ka ƙirga: zarto mai birki yana tsayawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, marar birki kuwa faifansa zai ci gaba da juyawa bayan ka ɗauke hannu, kuma a irin wannan lokaci akan ji rauni. Ka riƙe shi kamar kana yanka, ka ga ko idonka na iya hango layin fensir, domin wasu faifansu a hagu yake, wasu a dama, kuma na-dama da bahago ba za su zaɓi abu ɗaya ba. Daga nan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, a rubuta maka tsawon garanti a kai. Wanda bai samu abin da yake so a Katsina ba, kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano sun fi yawan zaɓi, amma ya yi duk wannan gwaji a can kafin ya hau mota, domin komawa da kaya ya fi sayensu wuya.

Ka ware kuɗin tabarau na kariya, takunkumin hanci, sukwaya, wato ma'aunin daidaita kusurwa, da ƙarafan matse katako guda biyu a cikin lissafinka tun daga gida. Lokacin aiki, ka saita faifan ya leƙo ƙasan katako da tsawon haƙori ɗaya kawai, kuma ka bar guntun da za a yanke ya faɗi da kansa. Kada ka ɗora katako a kan bulo biyu ka yanka tsakaninsu, domin yayin da ya lotsa zai matse faifan, zarton ya yi tsalle ya dawo kanka. Ba a yanka itacen girki, azara ko reshen darbejiya da shi, tunda ba su da shimfiɗaɗɗiyar fuskar da farantin zai zauna, ba a kuma yanka kwanon rufi da faifan katako. Duk lokacin da za ka canza faifai, ko ka ajiye zarton a gidan da yara ke kai-komo, ka zare batirin ka sa shi wuri daban.

Batirin kansa ba ya son zafi. Kada ka bar shi a cikin mota da rana, ko a shagon kwano, kuma kada ka jona shi a caja da zarar ka gama yanka yana da ɗumi. Ka ba shi kamar rabin awa a inuwa ya huce, domin caja mai kyau ma takan ƙi fara aiki har sai zafin ya sauka. Idan za ka yi watanni ba ka taɓa shi ba, ka ajiye shi da kimanin rabin caji a ɗaki mai sanyi, ka riƙa duba shi bayan wata biyu ko uku, ka kuma kakkaɓe garin katako daga kafofin iskar zarton da busasshen buroshi kafin ka mayar da shi akwatinsa.