Yadda Ake Shirya Wa Baƙi Yahudawa Masu Riƙo Da Addini Wurin Ninƙaya Na Keɓe A Legas

Bahaushen da ke aiki a otal ko gidan saukar baƙi a Ikoyi, Victoria Island ko Lekki, da wanda ke tuƙa ma'aikatan wani kamfani, da dillalin gidajen haya na 'yan kwanaki, kowannensu yana iya haɗuwa da baƙo Bayahude wanda zai tambaye shi inda iyalinsa za su yi ninƙaya ba tare da cuɗanyar maza da mata ba. Ba kowane Bayahude ne zai yi wannan tambaya ba, domin da yawansu ba su damu da lamarin ba. Masu yin ta su ne mabiya tafarkin Otodoks, waɗanda ke kiyaye dokokin sutura da kamun kai da suke kira tsniyut, kuma suna zuwa daga Isra'ila da Amurka da Birtaniya da Faransa da Afirka ta Kudu, har da 'yan Najeriya da ke bin addinin. Mafi yawan wuraren ninƙaya na otal-otal da kulob-kulob da filayen wasa na Legas a gauraye suke, saboda haka wanda ya tsaya yawon neman keɓaɓɓen wuri da aka riga aka tanada zai ɓata lokacinsa. Shirya shi ake yi, kuma shirin ba ya fin ƙarfin mutum ɗaya mai lura.

Kafin ka taka ƙafa ko'ina, zauna da baƙon ka ji iyakarsa daga bakinsa, domin su ma suna da saɓani a tsakanin malamansu kamar yadda muke da shi. Tambaye shi ko matan ne kaɗai za su shiga ruwan, ko maza ma suna son nasu lokaci, ko kuwa miji da mata da 'ya'yansu ne za su shiga tare idan babu bare, wanda iyalai da dama suka yarda da shi. Tambaye shi daga shekara nawa suke raba yara maza da mata, domin gida-gida ne. Ka tuna cewa hanin ya shafi ɓangarori biyu: macen ba ta son idon namiji a kanta, shi ma namijin ba zai shiga inda mata suke cikin kayan wanka ba, ko da su matan ba su damu ba. Idan da matar za a yi magana, ya fi dacewa matarka ko wata ma'aikaciya ta yi, kuma kada ka miƙa mata hannu, domin masu tsanantawa a cikinsu ba sa musabaha da wanda ba jinsinsu ba, ba sa kuma keɓewa da shi a ɗaki a rufe. Idan baƙon ya ce zai tuntuɓi malaminsa tukuna, ka ba shi lokaci. Ƙungiyar Chabad ta Yahudawa masu riƙo da addini tana da cibiya a Abuja da Legas, kuma irin waɗannan baƙi sukan fara neman shawara a can. Akwai kuma abin da bai kamata ka rikita ba: idan aka ambaci mikbe, wurin wankan tsarki ne na ibada mai sharuɗɗansa, ba shi da alaƙa da ninƙaya, kuma kwamin ninƙaya na otal ba ya maye gurbinsa.

Zaɓen rana shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar lokacin Shabbat ne, wato ranar hutunsu ta ibada, kuma malamansu sun hana iyo a cikinsa, haka nan ba sa shiga mota, ba sa taɓa kuɗi ko waya. A Legas rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00 na yamma kusan duk shekara, matan kuma suna kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwarta, bayan sun gama girkin kwana biyu. Wanda ya san cunkoson titin Lekki zuwa Epe ko gadar Third Mainland a yammacin Juma'a ba zai sa ninƙaya bayan azahar a wannan rana ba, domin baƙon da Shabbat ta riske shi a hanya zai sauka daga motar ya taka da ƙafa. Manyan ranakun idinsu ma hukuncinsu kusan ɗaya ne da Shabbat: Fesak a Maris ko Afrilu, Shabuwot a Mayu ko Yuni, sai Rosh Hashana da Yom Kifur da Sukkot a Satumba ko Oktoba. Amma ranakun tsakiyar Fesak da na Sukkot lokacin fita da iyali ne, a nan buƙatar ninƙaya ta fi tasowa. Akwai kuma kwana tara na farkon watan Ab na kalandarsu, wanda ke faɗowa a Yuli ko Agusta, da suke juyayin rushe Haikalin Ƙudus, wanda Romawa suka yi masa rushewar ƙarshe a shekara ta 70 miladiyya. A waɗannan kwanaki da yawansu ba sa shiga ruwa don nishaɗi. Lokacin da ya fi sauƙin samu shi ne safiyar Litinin zuwa Alhamis, sa'ar da baƙin otal sun fita aiki, yara suna makaranta, manaja kuma ya fi sauƙin kai wajen rufe wurin na sa'a biyu.

Wuraren da za a duba iri uku ne, kuma ba daidai suke da juna ba. Mafi sauƙi shi ne gidan haya na 'yan kwanaki wanda kwaminsa na cikin gida ne, ba na tarayya da sauran masu haya ba. Bayansa sai ƙaramin otal ko makaranta mai zaman kanta da za ta yarda a yi hayar wurin gaba ɗaya na ɗan lokaci. Babban otal yana da wuyar sha'ani, domin ba zai hana sauran baƙinsa shiga ruwa ba. Na uku shi ne gidajen shaƙatawa na bakin teku irin na Ilashe, waɗanda ake zuwa da jirgin ruwa, ake kuma hayarsu na yini guda, mafi yawansu da nasu kwami.

Duk wanda aka zaɓa, kada ka yarda da hoton da aka turo maka ta WhatsApp. Je da kanka, a daidai sa'ar da za a yi amfani da wurin, ka tsaya a bakin ruwan ka ɗaga kai ka juya sannu a hankali har ka zagayo. Legas gari ne na benaye, kuma katanga mai tsawon mutum biyu ba ta hana na hawa na biyar ganin komai. Ƙirga tagogi da baranda da ke fuskantar wurin. Duba ko akwai ginin da ba a gama ba a maƙwabta, domin leburori suna kan katako tun safe har yamma, kuma su ne aka fi mantawa da su. Duba tankin ruwan maƙwabci, da hasumiyar maigadi, da tagar kicin, da ƙofar ɗakin janareta. Daga nan sai kyamarorin tsaro: tambayi wace ce ke kallon ruwan, wa ke zaune gaban allon, kuma ko za a yarda a rufe idonta da ƙyalle na tsawon lokacin. Kashewa daga ofis ba ta kwantar da hankalin mace kamar ta ga ƙyallen da idonta. Bi hanyar da za su bi daga ɗakin sauya kaya zuwa ruwa, ka ga ko ta ratsa gaban mashaya ko wurin ajiye motoci. Inda aka sami ɓaraka ɗaya ko biyu, tamfol da igiya, ko rumfar biki da aka saki gefunanta, suna toshe ta. Inda bene mai hawa goma ke leƙowa, bar wurin ka nemi wani.

Sai ma'aikatan gidan. Ba ya wadatarwa a gaya wa manaja kawai, domin ba shi ne zai buɗe ƙofa ba. Sami maigadi, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne, ka ce masa: "Baba, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu mata ne a ciki. Don Allah kada namiji ya wuce nan, ko mai gyaran famfo ne, ko mai kawo lemo." Dattijo irin wannan ba ya buƙatar dogon bayani, domin ya san zancen tun daga gida. Mai share ruwa da zuba kulorin ya gama aikinsa kafin lokacin, abin sha kuma mace ta kai. A game da abinci, bar su su zo da nasu, tunda suna da dokokin abinci da suke kira kosha, waɗanda kicin ɗin otal ba zai iya cikawa ba.

Abin da ba na yarda a yi ragi a kansa shi ne mai ceto. An sha rufe ƙofa, a kori kowane namiji, a bar mata da yara da ruwa mai zurfi ba tare da ko mutum ɗaya da ya iya fito da wanda ya nutse ba, sannan a ɗauka an kyauta. Wannan ganganci ne, kuma addinin baƙin da kansa bai yarda da shi ba, domin ceton rai a wurinsu yana gaba da kusan dukkan dokoki, har da Shabbat. Littafin Talmud na malamansu ya kira mutumin da ya ga mace tana nutsewa ya ƙi ceto ta don gudun kallonta da sunan mai ibadar wauta, kuma a cikinsa akwai ra'ayin da ya sa koya wa ɗa iyo a cikin haƙƙoƙin da ke kan uba. Saboda haka fara neman mace mai horo tun da wuri, ta hannun masu koyar da ninƙaya a Babban Filin Wasa na Surulere ko Rowe Park da ke Yaba, ko makarantun da ke koya wa yara iyo. Idan ba a samu ba, gaya wa baƙon gaskiya, shi da malaminsa su yanke ko za a karɓi namiji, domin akwai masu sassautawa a kan haka, akwai masu ƙi. Idan sun ƙi, a ɗage ranar. Lambobin gaggawa na Jihar Legas, 112 da 767, su kasance a wayar wadda ke kula da ƙofa.

Teku kuwa, shawarata ita ce a bar ta. A Tel Aviv akwai bakin teku na Nordau mai katanga, inda mata ke da Lahadi da Talata da Alhamis, maza kuma Litinin da Laraba da Juma'a, kuma baƙon da ya saba da irin wannan zai iya zaton haka abin yake ko'ina. Tekun Atlantika a Elegushi ko Oniru ko Eleko tana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum ciki, wuraren kuma a buɗe suke ga kowa. Tarkwa Bay ta fi kwanciya, amma cike take da jama'a. A Ilashe a tsaya a kwamin gida, kowa ya sa rigar kariya a cikin jirgi, a kuma dawo da sauran rana.

Kayan da matan ke sawa sukan rufe gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙashin ƙasan wuya: riga mai hannu, da siket da aka ɗinke da wando a ƙarƙashinsa don kada ruwa ya ɗaga shi. Matar aure tana rufe gashinta, a ruwa kuma takan ajiye hular gashi ko ɗankwalin ta sa hular roba. Wasunsu suna sayen burkini, wanda Aheda Zanetti, 'yar asalin Labanan mazauniyar Ostireliya, ta ƙirƙiro a 2004 domin Musulmi mata. Idan ba su zo da kayansu ba, ana samun yadin nailan mai miƙewa a Balogun ko Yaba, tela mai hankali kuma zai ɗinka idan ya ga samfur. A guji auduga da doguwar riga mai faɗi, domin suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Ka kuma tabbatar tun farko cewa dokar wurin ta yarda da irin wannan shiga.

Kuɗin rufe wuri yana da nauyi ga iyali ɗaya, kuma a nan ne matanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda da yawansu ke son koyon iyo amma rashin sirri ya hana su, za su iya shigowa a raba kuɗin. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, kuma buƙatar nan iri ɗaya ce da tamu, duk abin da mutum yake ji game da siyasar Gabas ta Tsakiya. A unguwar Williamsburg ta New York, sa'o'in mata zalla a wani wurin ninƙaya na gwamnati sun jawo ƙorafi a 2016, aka rage su amma ba a soke ba, kuma Yahudawa da Musulmi mata duka suna cikin masu amfana da irin wannan tsari. Sai dai a daidaita abu biyu kafin a haɗu. Wasu matan Yahudawa, idan babu namiji, suna sa kayan wanka na yau da kullum, alhali Musulma tana kiyaye tsakanin cibiya da gwiwa ko a gaban 'yan'uwanta mata, don haka a amince da shiga ɗaya. Na biyu, a ajiye wayoyi a jaka ɗaya a bakin ƙofa, babu ɗaukar hoto.

Idan abin ya zama na kowane mako a rukunin gidaje mai kwamin tarayya, a rubuta jadawali da amincewar sauran mazauna, a bar musu sa'o'insu na gauraye, a kuma raba lokaci da adalci. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke cewa jadawalin wani rukunin gidaje a Lakewood da ke jihar New Jersey ya nuna wa mata bambanci, domin an ba maza kusan dukkan sa'o'in yamma, matan da ke dawowa daga aiki suka rasa lokacin shiga. Dokar Najeriya daban ce, amma ƙorafin maƙwabta iri ɗaya ne ko'ina, kuma shi ne ke rusa irin wannan shiri. A sa wa mata aƙalla yamma ɗaya a mako. Yarjejeniya da mai wurin ta kasance a rubuce, ɗauke da rana da sa'a, da sunan wanda zai tsare ƙofa, da batun kyamara, da abin da za a yi da kafin alƙalami idan ruwan saman Yuni ko Yuli ya hana fita.